Asibitin Bayan Gari

Motar ba ta gama tsayawa ba Mai Keke ya sauko, jakar kayan aikinsa a hammata. A gida ya ce zai je neman kayan gyara, don wata tela ta kawo masa keken ɗinki mai tsinka zare. Amma inda ya sauka babu mai sayar da ko allura. Asibitin masu taɓin hankali ne, wanda rabonsa da ƙofarsa tun yana saurayi.

Autansa ne ba lafiya. Yaron ya gama karatu, ya samu aiki a shagon buga takardu, sai barci ya ƙaurace masa. Daga nan ya fara cewa masu magana a rediyo da shi suke. Ran da ya fita titi ba takalmi yana tsayar da motoci, Mai Keke ya kamo hannunsa, ya shigar da shi ɗakin baya, ya sa sakata ta waje. Maƙwabta aka ce musu Auta ya yi tafiya.

Babbar 'yarsa ta zo daga gidan mijinta, ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, ciwo ne kamar kowane ciwo. A kai shi asibiti."

"Ke yarinya ce. Ba ki san wurin nan ba."

"Ka yi haƙuri, Baba. Na da ka sani. Ka san na yanzu?"

Maganar ta tsaya masa a rai, shi ya sa ya zo ya gane wa idonsa.

Wansa aka taɓa kawowa nan. Mutum ne mai yawan dariya, gwanin gyaran agogo, har ciwon ya zo ya rikita masa magana. Mahaifinsu ya ce a zuri'arsu ba a taɓa yin mahaukaci ba, kuma ba za a fara a kansa ba, yana da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba. Aka kawo shi, aka hana ambatonsa a gida. Mai Keke kaɗai ke satar jiki ya zo. Ya tarar an aske masa kai, an sa masa sarƙa a ƙafa, an ɗaure ta a jikin ƙarfen da aka kafa cikin siminti. In ya yi kuka a ce ciwon ya tashi, a kwara masa ruwan sanyi. In ya yi shiru a ce ya ƙi magana, a kai shi ɗakin da ake jona wa mutane lantarki a kai. Har lokacin da hankalinsa ya dawo, yana gaisuwa tiryan-tiryan yana tambayar mutanen gida, babban likita ya ce irin wannan ba ya warkewa, lafawa kawai yake yi. Miki ya ci idon sawunsa har ƙashi. A nan ya rasu, ma'aikata suka binne shi.

Yanzu an yi wa ginin fenti. Mai Keke ya bi baranda a hankali. Mutane na zaune kan benci, wasu na jiran likita, wasu cikin kayan asibiti suna shan hantsi. Bai kalli fuskar kowa ba. Ƙafafu yake dubawa: wannan silifas, wannan faso, wannan safa wari da wari. Bai ga sarƙa ba, bai ga tabonta ba.

Wata nas mai ƙiba, tabarau a goshi, ta tsaya tana kallonsa.

"Baba, wani abu ka yar?"

"A'a, 'yata. Dubawa nake."

"Ai na ga kana ta leƙen ƙafafun mutane, na ce ko mai gyaran takalmi ne ya zo neman ciniki."

Ya ɗan yi murmushi. Ya ga ba ta da gaggawar korarsa, sai ya tambaye ta kai tsaye, "Har yanzu kuna ɗaure mutane?"

Ta sauke tabaran kan hancinta. "Da sarƙa, a'a. An daina tun kafin in fara aiki. Amma ba zan rufe ka ba, Baba. In mutum zai ji wa kansa ciwo, mukan riƙe shi mu yi masa allura. Akwai ɗaki ɗaya da ake kullewa, zo ka gani."

Ta kai shi. Katifa a ƙasa, taga mai raga, ba kowa a ciki. A tsakar simintin akwai wani faci zagayayye, launinsa daban da na sauran. Ya daɗe yana kallonsa.

"Mun yi kaɗan, marasa lafiya sun yi yawa," ta ce. "Wani lokaci magani ya yanke. Amma yawancinsu suna komawa gida." Ta dube shi. "Wa ke gare ka?"

"Ɗana."

"Yana ina?"

Ya ɗaga kai ya dubi tagar. Ta fi ta ɗakin da ya kulle Auta a ciki girma.

"Ana barin uba ya zauna da shi?"

"Ana bari. Sai dai benci ne, bayanka zai gaya maka."

La'asar ta yi kafin ya isa gida. Matarsa na tsakar gida tana ninke wanki. Ya wuce ta, ya zare sakatar. Wari ya fara tarbarsa. Auta na zaune a lungu, ya rungume gwiwoyinsa, kwanon abinci a gefe bai taɓa ba. Ya ƙanƙance ido saboda haske.

"Baba, sun ce in na fita za a kama ni."

"Ba mai kama ka. Tare za mu."

Ya ɗebo ruwa da kansa, ya wanke masa fuska da ƙafafu, ya sa masa riga mai tsabta. Ya ce wa matarsa ta haɗa kayan mutum biyu, ta aika wa telar nan ta yi haƙuri da kekenta. Ta dube shi, ta shiga ɗaki tana share ido da bakin mayafi.

Ta rako su har ƙofar gida. Maƙwabcinsu direba na wanke motarsa, ya ɗago da soso a hannu.

"A'a, Auta, saukar yaushe? Ina kuma aka nufa da jaka?"

Matar ta yi saurin cewa, "Gaisuwa za su je wurin dangi."

Mai Keke ya gyara riƙon da ya yi wa hannun ɗansa.

"Ba inda ya je, yana ciki. Ba shi da lafiya ne. Asibitin masu taɓin hankali za mu."

Direban ya sauke hannu, ruwa na ɗiga daga soson. Ya dubi titi hagu da dama, sannan ya jefa soson a bokiti, ya goge hannu a wando, ya buɗe musu ƙofar baya.

"Ku shiga in kai ku."

Sai da suka hau babban titi ya rage murya, idonsa na kan hanya.

"Maƙwabci, in kun je ka tambayar mini ranar da likita ke zama. Ƙanwar maiɗakina ce. Ita ma mun ce ta yi tafiya."