Ƙwarin Gwamnati a Garkar Illiya

Shekara guda bayan sojoji sun karɓi mulki, abin da ya rage wa Illiya a duniya bai wuce bishiyar dabino bakwai ba, a garkarsa da ke bakin ƙoramar Telwa, arewa da Agadas. Fari ya cinye awakinsa, ya kashe san da ke ja masa guga, ruwan rijiya ya ja da baya har sai da aka ƙara wa igiya gaba uku. Albasa da tumatir kuwa an manta kamanninsu. Dabinon nan bakwai su ne cin gidan, shi da matarsa Fulera da jikoki biyu.

Sai ga su ma sun kwanta ciwo. Wani farin abu ya lulluɓe ganyen kamar an yayyafa dusa, rassan ƙasa suka yi rawaya suka bushe, ƴaƴan da suka fara ƙullawa suna zubowa tun suna kore. Illiya ya ce ƙishirwa ce. Da hannunsa yake jan guga, har tafinsa ya tsage, amma kamar yana zuba ruwan a kan dutse.

Wata safiya ya ji ƙugin mota a cikin yashin ƙorama. A lokacin nan mota ba ta tsayawa a ƙofar talaka don gaisuwa. Maƙwabcinsa Nomau, reshe ɗaya ya sare wa awakinsa a daji, masu kaki suka tafi da shi. Kwana goma ya yi a kaso, wato kurkuku, ya dawo da kai a aske, kuma har yau ba ya son a tambaye shi. Saboda haka da Illiya ya ga wani dogon mutum cikin koren kaki ya tsallako shinge, sai gugan ya kuɓuce masa ya koma rijiya da igiyarsa.

Mutumin ya yi sallama, ya ce sunansa Alkasum, malamin daji ne, aikinsa duba itatuwa marasa lafiya. Bai ko jira a ba shi tabarma ba. Ya zaga dabinon ɗaya bayan ɗaya, ya tona gindinsu ya dubi saiwa, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon sabon tohon da ke tsakiya. Sannan ya jawo ganye ɗaya ya karce farin abin da farce, wani ruwa-ruwa mai rawaya ya fito. Ya zaro ɗan madubi mai ƙara girman abu ya miƙa wa Illiya.

"Duba nan, Baba. Ba ƙishirwa ba ce. Ƙwari ne, kowane da ƴar hular da ya ɓuya a ciki, suna shan ruwan jikin iccen."

Illiya ya duba, amma bai ga komai ba sai hazo.

"Na gani, ranka ya daɗe," in ji shi.

"Bon. Magani biyu ne. Ko a sare rassan duka a babbake iccen da wuta, ka yi shekara ukku ba ka ga dabino ba. Ko kuwa wanga."

Ya koma mota ya ɗauko wani ƙaramin akwati, yana riƙe da shi kamar mai ɗauke da ƙwai. A ciki akwai wasu ƴan ƙwari baƙaƙe masu sheƙi, kowane kamar rabin ƙwayar wake, da ɗigon ja biyu a baya. Ya ce daga wata ƙasa mai nisa gwamnati ta kawo su cikin jirgin sama, kuma ba su da abinci sai wannan farin ƙwaron. Ya naɗe rassa huɗu na ƙaramin dabinon da ƙyalle irin na sangen sauro, ya zuba su ciki yana ƙirgawa da ƙarfi har arba'in, ya ɗaure bakin. Ya yi ta bayani, rabi da Hausa rabi da Faransanci, yana nuna ganye, yana nuna ƙasa. Allah Ya sani ya faɗi abubuwa masu amfani. Amma kunnen mai tsoro zaɓe yake yi, kuma abin da Illiya ya tsinta uku ne kawai: na gwamnati ne, arba'in ne, zan dawo bayan kwana ashirin. Aka ba shi takarda ya dangwala yatsa, motar ta tafi.

Tun daga ranar Illiya ya zama makiyayin ƙwari. Da sassafe, bayan ya idar da salla, zai manna fuska a jikin sange yana ƙirga. Aikin banza ne, domin ƙwaro ba ya tsayawa a ƙirga shi, amma yana yi. Ranar farko ya samu talatin da takwas, ya ce biyu sun ɓuya. Rana ta shida, talatin. Rana ta goma zafi ya yi tsanani, ya ga gawa huɗu a ƙasan ƙyallen, ƙafafu a sama. Tuwon da Fulera ta kawo masa ya koma gida yadda ya zo.

Rana ta goma sha huɗu ya ga wasu baƙi a cikin sangen. Wasu halittu ne munana, dogaye kamar ƙwayar shinkafa, baƙi-baƙi, jikinsu duk ƙaya. Suna yawo a kan ganyen da sauri kamar gidan ubansu, kuma sun fi ɗari. Ta ina suka shiga? Ya duba ɗaurin, yana nan daram. Sannan ya hango ɗaya a kan gawar ƙwaron gwamnati, yana motsa baki.

"Fulera! Zo ki ga abin da ke cinye su!"

Ta zo tana goge hannu da zane, ta leƙa, ta ja da baya. "Wai! Maigida, mi ne wanga kuma?"

"Ajalina ne. Goma sha ɗaya suka rage. Mutumen nan zai zo ya ce ina arba'in, in ce mishi mi?"

"Ka tahi biro, can ohis ɗinsu, ka hwaɗa mishi. Shi ya san kayanshi."

"Ni in kai kaina? In shiga da ƙahwata in ce dukiyar gwamnati ta lalace a hannuna? Ke ba ki ga kan Nomau ba?"

"To ka bar su yadda suke. Ina ji kamar ya ce kada a buɗe."

"Na bar su su ƙarasa sauran, ko? Ni ba ƙwarinshi zan taɓa ba, maƙiyansu zan taɓa."

Fulera ta ƙyale shi, domin ita ma tsoron take ji, kuma ba ta da abin da ya fi nasa. Ita ce ma ta wanko masa gwangwanin tumatir, don a tara shaida.

A gaskiya ba a taɓa yi wa gwamnati aiki da zuciya ɗaya irin wannan ba. Illiya ya kwance bakin sange daidai shigar hannu, ya bi ganye ɗaya bayan ɗaya. Duk mai ƙayar da ya kama sai ya murtsuke shi tsakanin yatsu biyu ya jefa a gwangwani. Waɗanda suka manne a jikin reshe ba su motsi, ya ɓamɓare su da tsinke. Har wasu ƴan ƙwayaye masu ruwan ɗorawa da ya tarar a ƙarƙashin farin abin, ya goge su da babban yatsa, don kada su ƙyanƙyashe bayan ya juya baya. Kwana uku yana wannan a tsaye cikin rana. Ya lura farin abin ya ragu sosai a rassan nan huɗu, ganyen ya fara nuna korensa, ya ce to, ko ba komai ƙwarin gwamnati sun yi aiki kafin a far musu. A rana ta huɗu ya sake bi, bai samu ko ɗaya ba. Ranar ce ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Ranar da kwana ashirin suka cika, ya sa rigarsa ta Juma'a, don in za a tafi da shi kada a tafi da shi cikin tsumma. Ya gaya wa Fulera inda ya rataye sabuwar igiya, da dabinon da ya fi son ruwa. Can sai ga ƙugin motar.

Alkasum ya shigo da fara'a, ya wuce kai tsaye wurin sange. Ya leƙa ta nan, ya leƙa ta can. Fara'ar ta fara gushewa. Ya kwance ɗaurin, ya sa madubinsa, ya bi rassan huɗu tun daga gindi har baki.

"Ukku na gani, tsohhi," ya ce a hankali. "Ina sauran abin?"

Illiya ya durƙusa, ya ɗaga gwangwanin da hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, wallahi ba sakacina ba ne. Ga waɗanda suka cinye su. Ban bar ko guda ba, ka bincika. Har ƙwansu na kashe."

Malamin dajin ya karɓi gwangwanin ya zazzage kaɗan a tafinsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan wannan dogon mutum mai kaki ya zauna daɓas a cikin ƙasa, ya cire hularsa ya ajiye a gefe.

"Ɗiyansu ne, Baba."

Illiya bai gane ba. Fulera, da ke tsaye bayan shinge, ita ta gane, ta ɗora hannu a ka.

"Ɗiyansu ne," malamin dajin ya sake cewa. "Haka suke hitowa daga ƙwai, da ƙaya, kahin su yi hiffike. Su ne ke cin ciwon hiye da uwayen. Tsohhin dama mutuwa za su yi, sun gama aikinsu. Yau na zo in buɗe sange in raba su bisa sauran iccen." Ya share fuska da hannun riga. "Garka biyar na kai ma. Zahi ya kashe na garka huɗu. Naka kaɗai suka haihu."

Da ƙyar Illiya ya ce, "To, in ɗauko bargo, ko haka za mu tahi?"

"Mu tahi ina?"

"Kaso, ranka ya daɗe."

Alkasum ya dube shi, kuma abin da ke idonsa ba fushi ba ne, gajiya ce da tausayi. "Ba wanda zai kai ka ko'ina. Laihina ne, da na zana maka su a ƙasa. Zan rubuta zahi ya kashe su." Ya ɗaga kai ya dubi sauran dabinon shida, fari fat har kusa da sabon toho. "Amma wasu ƙwarin ba za su zo ba sai baɗi, in ma sun zo. Iccen nan ba za su kai baɗi a haka ba. Kana da gatari mai kaihi?"

Fulera ce ta kawo gatarin. Alkasum ya miƙa hannu zai karɓa, Illiya ya riga shi. Ya tuɓe rigar Juma'ar ya rataye a shinge, ya rungumi babban dabinon ya fara hawa, yayin da malamin dajin ke tara busasshen kaba a gindi don wuta. A sama ya tarar da ƴaƴan bana, kore shar, masu yawa fiye da yadda ake gani daga ƙasa. Kwana ashirin yana roƙon Allah kada a tafi da shi, kuma an amsa masa. Yanzu da za a ba shi zaɓi, da ya sauko ya shiga motar da ƙafarsa. Ya kama reshen farko, ya yi bisimilla, ya sara.