Butar da Ba Wanda Ya Koka da Ita

To, ita dai Yaya Babba ba mai saurin fushi ba ce, amma ran nan ƙofar ɗakin kwamfuta ma sai da ta sha bugu. Ita ke kula da koke-koken masu saye a kamfanin haɗa butar lantarki, kuma da safe ta sa hannu cewa sabuwar buta lafiyarta ƙalau, a loda wani kaso zuwa kasuwa. Ana cikin ɗaure tamfol a mota sai wata mata ta bugo waya tana kuka: murfin sabuwar butar da ta saya ya fita, ruwa ya ƙona hannun 'yarta, kuma tun makon jiya ta rubuto musu.

"Auta! Ajiye shayin nan!"

Ƙaninta ne, shi ke riƙe da rumbun bayanan kamfanin.

"Na rubuta 'ƙuna', na zaɓi sabuwar buta, abin nan naka ya ce babu ko ɗaya. Yaya aka yi?"

"Zauna mana, Yaya."

"Zama ya kawo ni?"

Ya buɗe umarnin da ya rubuta wa na'urar, yana sosa ƙeya, yana yi mata bayani. Koke-koken dai suna jere cikin rumbu, kowanne da kwanan wata da irin butarsa. Amma neman kalma ba aikin rumbu ba ne. Akwai fihirisa a gefe da ta haddace kowace kalma da inda take. Rumbu ya tambaye ta, ta miƙo masa, sannan shi ya tace.

"Ina jin ka," in ji ta.

"Na ce mata ta riƙa miƙo hamsin na farko kawai. Hamsin ɗin kuwa duk na tsohuwar buta ne. Da rumbu ya nemi sabuwa a cikinsu, bai samu ba."

"Wato sauran ko kallonsu bai yi ba?"

"Ai ke kika ce yana jan ƙafa, in sa ya yi sauri."

"Sauri na ce, sakarai! Na ce ka koya masa ƙarya? Kai da ko wanke kwano rabi kake yi tun kana ƙarami!"

Auta ya juya kan allo. Ya goge hamsin ɗin, ya sake tura tambayar. Na'ura ta ɗan yi jim, sai allo ya cika har ƙasa. Murfi, murfi, hannu, cinya, fuskar wani tsoho. Yaya ta karanta uku, idonta ya yi ja.

Sai ta ji an tayar da mota a tsakar gida.

Wayyo, da ka ga matar nan da ciwon gwiwarta tana sauka daga bene! Direba ya kai bakin ƙofa ke nan ta sha gabansa, ta dafa ƙarfen motar da hannu biyu.

"Anti, matsa mana, oga ya ce kada in makara."

"Kashe ta."

"Ai da sa hannunki a takardar!"

"Ni na sa, ni na janye. Oga ya sauko ya same ni nan. Ku kwance tamfol!"