Ciwo Ɗaya, Gado Biyu

Tun ranar da aka kwantar da mijinta a asibiti, matar kafinta ta sa wa mutumin gadon bakin taga ido. Ciwonsu ɗaya, kansar hanji, kuma kusan sa'annin juna ne. Amma shi an yi masa tiyata, har ya fara takawa banɗaki da ƙafarsa. Nata mijin kuwa magani kawai ake ɗura masa ta jijiya, kullum sai ƙara ramewa yake.

Ta lura likita yakan daɗe a wancan gadon, har da dariya. Ta ji nas tana kiran matar mutumin "Anti". Ta ce a ranta, lallai akwai lauje cikin naɗi.

Ƙanin mijinta ya ce, "Matar Yaya, ki rage zargi."

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima," in ji ta.

Ranar Laraba ta tare likita a baranda. "Likita, mu me muka rasa da ba za a yi mana aiki ba?"

Ya shigar da ita ofis, ya ba ta kujera. "Ba zan yi miki zancen wani majinyaci ba. Amma ciwon nan, lokacin da aka kama shi ne magana. In yana hanji kaɗai, sai a yanke a cire. Na maigidanki ya kai hanta, wuri huɗu, ga jiki ba ƙarfi." Ya buɗe fayil. "Da ya dawo bara, lokacin da muka ce ya dawo..."

"Bara?"

Likita ya dube ta, ya rufe fayil ɗin a hankali.

Ta koma ɗaki ta tarar da mijin ya lumshe ido, irin barcin da ta san na ƙarya ne.

"Maigida, bara da ka ce ka tafi duba katako, ina ka je?"

Ya buɗe ido. "Nan na zo. Jini nake gani. Suka ce za su zura na'ura su duba, tsoro ya kama ni."

Ta waiwayi ƙanin. Shi kuwa takalminsa yake kallo.

"Ashe kai ma ka sani."

Ta jiƙa tawul ta goge wa mijin leɓe. Daga ranar, duk ganin likita da ita ake shiga, kuma kowace takarda sai ta karanta da idonta.