Makahon da Ya Auna Rana

A birnin Ujjaini kowa ya san Rawidatta, masanin taurari, da yayansa Somashiwa, babban malamin haikali. Ciki ɗaya suka fito, amma ko gaisuwa sai dole.

Rawidatta ya yi lissafinsa ya gano ranar da rana za ta yi husufi. Ya kuma ce ba aljani Rahu ne ke haɗiye ta ba, wata ne kawai ke shiga tsakaninmu da ita.

Somashiwa ya tako har gida.

"Kai ƙanena, faɗi ranar ka ja bakinka. Me Rahu ya tsare maka?"

"Yaya, babu shi ne."

"Babu shi? To shinkafa da man shanun da ake kawo wa haikali, wata ne zai kawo su?"

Rawidatta bai ji ba. Ya maimaita maganar a gaban sarki, fadawa suka yi ta dariya.

Ranar ta zo daidai yadda ya faɗa. Da hantsi gari ya rufe, tsuntsaye suka koma sheƙa. Jama'a suka auka kogin Shipra suna kuka, Somashiwa na gaba yana addu'a. Rawidatta kuwa yana kan soro da ma'auninsa na tagulla, yana duban rana ido da ido don ya auna abin da wata ya rufe. Matarsa Malati tana ƙasa tana kira:

"Maigida, sauko! Idonka ne fa, ba na aro ba!"

Bai sauko ba.

Da haske ya dawo, gari ya ɗauki kirari: Somashiwa ya sa Rahu ya amayar da rana! Sarki ya ba shi shanu da gonaki. Rawidatta kuwa tun daga ranar ganinsa ya fara dushewa, kafin damina ya tafi gaba ɗaya. Mutane suka ce Rahu ne ya rama. Aka ɗauke ma'auninsa aka narkar da shi, aka yi wa haikali ƙararrawa.

Lissafin dai bai bar kansa ba. Duk shekara Somashiwa kan zo da kwandon shinkafa, ya zauna a bakin ƙofa.

"Ƙanena, yaushe Rahu zai dawo?"

Rawidatta kan motsa yatsu a kan gwiwa yana lissafi. Malati ta tsufa, rumbu kuma babu komai. Sai ya faɗi ranar, bai taɓa kuskure ba.