Fitilar Zauren Malam Baƙo

Shekara talatin Malam Baƙo na Garo yana rubuta Alƙur'ani da hannu, bai taɓa barin wani ya sa masa wasali ba. Bana, yana izifi na arba'in, baƙaƙen suka fara yi masa rawa a kan takarda. In dai idonsa ne, to dole ya miƙa ragowar aikin ga ƙaninsa Tasi'u, wanda shi Malam ɗin ne ya koya masa feƙe alƙalami. Saboda haka ya yanke hukunci cewa fitila ce.

Ya sa aka ɗaura masa irin farar fitilar nan ta zamani mai wat ɗari, wadda ake haska filin ƙwallo da ita. Zaure ya yi fes, har gizo-gizo ya rasa maɓoya. Baƙaƙe dai ba su daina rawa ba.

Aka ɗauko Haladu mai gyaran wuta daga Gwarzo. Ya buɗe ɗan akwatin da ke karɓar wutar gari ya tace wa fitilar, ya yi tsaki.

"Allah gafarta Malam, wannan na wat sittin ne, an ɗora masa ɗari. Ga shi wutarku tana hawa tana sauka. Dole haske ya riƙa ƙifce."

Malam ya ji daɗin da bai ji ba tun ranar saukarsa. "Kun ji ko? Ni dama na faɗa!"

Haladu ya zube akwatuna uku a tabarma. Malam ya nuna mafi nauyi.

"Ba a awo ake saye ba, Malam, ba dawa ba ce. Ga mai wat ɗari da hamsin, ko wuta ta yi ƙasa yana riƙe haske daram."

"Sa shi."

Ya sa. Haske ya tsaya cak kamar an kafe shi da ƙusa. Malam ya jawo takarda, ya matso da ita, ya nesanta, ya karkata kai.

"Yaya, Malam?"

"Madalla," in ji Malam a hankali. "Aikinka ya yi kyau, Haladu. Ya ma yi kyau da yawa."

Washegari ya naɗe takardun cikin gafaka, ya kai gidan Tasi'u da kansa.

"Ƙarasa wasalin nan. Wutar layinku ta fi tamu ƙarfi."

Tasi'u, wanda ko wayar wuta ba a ja gidansa ba, ya karɓa da hannu biyu.

"Haka ne, Yaya," ya ce.