Inda Layin Ya Cije

Koren layin da ke nuna ci gaban aiki a allon kwamfuta ya kai kashi casa'in da huɗu, sai ya cije.

Mai gyara ta tsuke baki, ta kara kunnenta kusa da tsohon faifan kwamfutar. Ƙas, ƙas, yake yi a hankali. Tun safe take kwashe duk abin da ke cikinsa zuwa sabon faifai mai ninkin girmansa huɗu, daga manhajar da ke tada na'urar har yadda aka jera abubuwa a allo.

"Baba, mun ci karo da wurin da ya lalace."

Ina, tsohon da ya kawo kwamfutar bai ji ba. Yana kan kujerar roba ya zuba wa fankar sama ido, amma hankalinsa na can ɗakinsu na da. Hantsi ya ratso labule, matarsa na ninke kaya tana hira da kwamfutar sai ka ce maƙwabciya. Haka take, Allah ya jiƙanta. Ba ta iya buga rubutu ba, sai ta riƙa naɗar muryarta: mafarkin da ta yi, ƙiriniyar jikoki, tsiyar da za ta yi masa in ya dawo daga aiki. Ita ta cika faifan nan tam.

"Baba!"

"Na'am, 'yata. An gama?"

"Ina fa! Ko in tsallake wurin a rasa ɗan abin da ke kai, ko in ci gaba da matsa masa ya mutu gaba ɗaya."

"Me ke wurin?"

"Wallahi ni ma ban sani ba. Na'ura ba ta faɗa."

Ya daɗe yana murza gwiwarsa.

"Tsallake."

Layin ya ja jiki har ya cika. Ta ɗaura sabon faifan, ta kunna. Allo ya haska, komai na mazauninsa, ga muryoyin nan jere, ɗari uku da sha biyu.

"To wacce ce ta samu rauni?"

"Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Ai kai ka san su, za ka ji inda ta yanke."

Shekara uku ke nan da rasuwarta, kullum sai ya goge kwamfutar nan da tsumma, amma ko sau ɗaya bai iya buɗe muryarta ba.

Ya jawo kujerarsa kusa da teburin.

"'Yata, kina da abin sawa a kunne? Ara mini."