Ranar da Aka Kwashe Bencunan Malam

Mijina Malam Dalhatu shi ke koyar da yaƙi da jahilci a zauren gidanmu a Kekun Waje. Mata da hantsi, maza bayan la'asar. Ni ma a nan na koyi ɗan rubutun nan. A 1997 aka daina biyansa, aka daina aiko da alli. Bai rufe zauren ba, shi ke sayo alli a Bungudu. Da ciwo ya kwantar da shi a daminar da ta biyo, ya kira maƙwabciyarmu Ladidi, wadda ta fi mu duka karatu, ya ce ta riƙe ajin mata kada ya watse. Ta amsa masa. Bai jima ba ya rasu.

Ranar sadakar uku mota ta tsaya a ƙofar gida. Ina ɗaki cikin takaba, ƙanwata Luba ke kawo mini labari. Ta ce mutanen ofis ne daga Gusau, babbansu wani Alhaji Lawali. Sun zauna kan bencunan aji tare da dattawa, sun yi doguwar addu'a, sun ci masar sadaka. Har na ji sanyi a raina, na ce ashe sun san da shi.

Sai ga Luba a guje.

"Yaya, tada mutane suke yi! Wai bencunan za su ɗauka."

Na ja mayafi na tsaya a bayan ƙyauren zaure.

"Alhaji, lafiya?"

"Lafiya lau, Hajiya. Allah ya jiƙan Malam. Kayan gwamnati ne, ajin nan an rufe shi tun bara."

"Ni ba Hajiya ba ce. Kuma wa ya rufe shi? Mata na zuwa."

"A wurinmu rufe yake. Jibi manya za su buɗe sabon aji a Tsafe, ai ba za a kai su ɗaki wayam ba."

"In an buɗe sai ku maido mana?"

Ya yi dariya. "Daga can akwai wata buɗewar."

Baba Sahabi, tsohon da ya koyi rubuta sunansa wurin Malam, ya ƙi tashi.

"Ni ban gama ta'aziyya ba. Ku ɗauka har da ni, dama ban taɓa zuwa Tsafe a mota ba."

Suka tsaya suna jira. Da aka kira sallah ya miƙe zai yi alwala, suka janye bencin. Allon kuwa a kafe yake, suka fizge shi har bangon ya zube. Motar ta tashi ke nan Alhaji ya leƙo, ya ce a ƙulla musu sauran masar su ci a hanya. Luba ta ƙulla, don ba a hana abincin sadaka.

Ladidi ta yi ƙoƙari. Ta shimfiɗa tabarmi, ta samo wani katako ta shafa masa baƙi. Amma mijinta ya ce tunda gwamnati da kanta ta zo ta kwashe kayanta a gaban jama'a, to ajin ba shi da izini, ba zai bar matarsa ta jawo masa magana ba. Sauran mazan suka bi bayansa. Dama da yawansu don an ce na gwamnati ne suka bar matan fita.

Kafin in fita takaba ba mai zuwa. Ladidi ta shigo ta durƙusa a gabana tana kuka, wai in yafe mata, ta kasa riƙe amanar Malam. Na ce ta tashi, ba ita ta ci masarmu ba.